Na rantse ba zan sake shiga aji ba

A Doron Baga aka haife ni, a bakin Tafkin Chadi, cikin ƙaramar hukumar Kukawa ta Jihar Borno. Iyayena Hausawa ne da kamun kifi ya kai su can. Babanmu masunci ne, innarmu kuma ita ke yin banda. Na yi makarantar allo, an kuma sa ni a firamare, amma bokon nawa na jeka-ka-dawo ne. In tarwaɗa ta samu da yawa sai a ce in zauna in taya gyaran kifi da hura wuta. Har na kai aji huɗu ban iya haɗa baƙi ba, kuma ba wanda ya lura, domin a ajinmu malam ke faɗa mu amsa, ni kuwa Allah ya ba ni murya.

Ranar Asabar 3 ga Janairun 2015 'yan Boko Haram suka shigo Baga da asuba. Shekarata 13 a lokacin. Babanmu a ruwa ya kwana, har yau kuma ba mu ga gawarsa ba, ba mu ji wanda ya ce ya gan shi da rai ba. Wanda aka yi wa mutuwa yakan yi zaman makoki, a yi addu'a, ya san an rufe. Mu kuwa shekaru muka yi duk sallamar namiji da aka yi a ƙofa sai innarmu ta miƙe tsaye. Muka bi daji a ƙafa da ita da ƙannena har muka samu motar da ta kai mu Maiduguri, inda makarantu da yawa suka riga suka koma sansanin 'yan gudun hijira.

Da muka samu ɗaki a wata unguwa, innarmu ta kama hannuna ta kai ni wata firamare. Aka gwada ni da Turanci, aka ga ba komai, aka tura ni aji uku cikin 'yan shekara 8. Gwiwoyina ba sa shiga ƙarƙashin tebur. Kafin mako ya zagayo yara sun raɗa mini Baban Aji. Da sassafe nake fita dako don mu samu na koko, saboda haka kullum a makare nake zuwa, kullum kuma sai na sha bulala a bakin ƙofa ba tare da an tambaye ni daga ina nake ba. Wata rana malam ya ce in tashi in karanta abin da ke jikin allo. Na tsaya shiru. Ya ce, “Ƙato da kai, ƙannenka sun fi ka.” Aji ya fashe da dariya. Yunwa na saba da ita, bulala ma jikina ya ɗauka, amma wannan dariyar na kasa haɗiye ta. Na ɗauki ledar littattafaina na fita, na rantse da Allah ba zan sake shiga aji ba.

Kusan shekara biyu na cika wannan rantsuwa. Na yi turin baro a Tashar Baga da Kasuwar Monday, na koma jari bola, ina tsintar ƙarafa da robobi. Na koyi shaƙar sholisho a tsumma, domin yana kashe yunwa, yana kuma hana ni mafarkin ruwa. Na rage kwana a gida don ba na son ganin idon innarmu.

Wata malama ce ta fito da ni, daga wata cibiyar karatu da ba ta wuce rumfar kwano da tabarmi ba. Yau a irin wannan cibiya nake koyarwa, kuma sai da na fara aikin na gane cewa duk abin da ta yi mini da dalili ta yi shi. Shi ya sa zan faɗe shi dalla-dalla, ko zai amfani masu niyyar buɗe irin wannan wuri.

Ba ta ce mini in zo makaranta ba. Wurin mai sikelin da muke sayar wa ƙarafa take zuwa, ta gaishe mu, ta zauna a kan benci. Ta tambaye ni nawa ake sayen kilo, na faɗa mata. Ta ce buhuna na yau kilo nawa ya yi, na ce abin da Oga ya faɗa. Sai ta ce, “Yarona, in da kanka kake karanta abin da allurar nan ta nuna, ka kuma rubuta a takarda, wa zai cuce ka?” Maganar ta kwana a raina. Yaron da makaranta ta taɓa wulaƙantawa, in ka ce masa ilimi haske ne, ya ji wannan tuntuni. Ka nemo abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya yau, ka nuna masa inda karatu ya shiga ciki. Sannan ta sami Oga da kansa ta nemi alfarmar ya sake mu awa biyu da rana. Har yau haka muke yi: kafin yaro, sai mun ga wanda ke riƙe da shi, ko uwa, ko maigida, ko alaramma, kuma da sanin bulama muke shiga unguwa. Wanda ka tsallake, shi zai hana yaron zuwa.

Lokacin karatu da yaran ake yanke shi. Safiya ta neman abinci ce, duk cibiyar da ta ce ƙarfe 8 za ta tara ƙananan yara ne kawai, ta rasa waɗanda aka buɗe ta dominsu. Mu daga ƙarfe 2 zuwa 4 da rabi muke yi, kwana huɗu a mako, ban da Juma'a. Aji kada ya wuce yara 30 ga malami ɗaya. Masu ba da tallafi sukan so a ce 50 don lissafi ya yi kyau a rahoto, amma a cikin 50 ba ka gane wanda ya zo da kumburin ido.

Ranar farko ta ja ni gefe, bayan rumfa, inda ba mai jin mu. Ta miƙo mini takarda guda. Ba ta ce jarrabawa ba ce, cewa ta yi tana so ta san inda za mu fara. Na kasa karanta komai sai 'yan haruffa, ta ce, “Madalla, kana da abin farawa.” Daga baya aka koya mana wannan gwaji a tsare, bisa hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da ita. Matakai biyar ne: wanda bai san harafi ba, mai harafi, mai kalma, mai gajeren sakin layi, da mai karanta labari. Daga sakin layi ake farawa. In ya karanta a hau da shi zuwa labari, in ya kasa a sauko zuwa kalmomi, sannan haruffa. Minti biyar ya isa. Sharaɗinsa ɗaya ne, a yi shi yaro da malami su kaɗai. Da zarar an yi shi a gaban jama'a ya koma abin da ya kore ni daga waccan firamare. Bayan mako shida a sake gwadawa, wanda ya motsa a matsar da shi.

Da wannan sakamako ake raba rukuni, ba da shekaru ba. Sai dai akwai gyara: ɗan shekara 15 da ɗan shekara 8 suna iya zama mataki ɗaya, amma kada su zauna tabarma ɗaya. Manya a ba su tasu, a kuma ba su wani nauyi, kamar riƙe mabuɗin akwatin kaya ko rabon alli. Kada kuma a kira rukuni da na ɗaya da na ƙarshe. Sunayen itatuwa muke ba su, su kuka, su kanya, su darbejiya, ko da yake yara ba wawaye ba ne, cikin kwana kaɗan sun gane wace tabarma ce ta fi nisa. Abin da ke rage zafin shi ne suna ganin ana tashi daga wannan a koma waccan.

Da Hausa muke fara karatu, domin yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta. Wasula biyar, sai baƙaƙen da suka fi yawo a baki kamar n, k, m, s, sai a shiga gaɓa: na, ka, ma, sa. A makon farko yaro ya haɗa “nama” da “kaka” da hannunsa, a katin kwali da muke yankawa. Masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da masu goyo irin sh da ts da gw, sai an yi nisa. Yaran da suka fito daga tsangaya suna da kaifin hadda, kuma nan malami ke ruɗuwa. Za su rera maka duk abin da ke allo ba tuntuɓe, alhali ba harafi ɗaya da suka gane. Maganinsa ka cakuɗa katunan, ka zaro ɗaya daga tsakiya. Sukan kuma fara rubutu daga dama, su rikita b da d. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, hannu ne ya saba da wata hanya. In ka rubuta masa ba'un da ya sani a allo, ka ajiye b kusa da shi, nan take yake kamawa, yana kuma jin cewa karatun da ya zo da shi yana da daraja. Wanda ya zo daga ƙauyen Kanuri ko Shuwa bai jin Hausa sosai, a zaunar da shi kusa da mai jin harsunan biyu.

Lissafi kuwa yaran titi sun fi malaminsu sauri a ka. Wanda zai ba ka canjin naira 1000 ba kuskure, in ka ce ya rubuta ɗari da biyar sai ya rubuta 1005, domin abin da ya ji ya rubuta, ɗari sannan biyar. Gurbin lamba ne bai sani ba. Tsinken tsintsiya muke ɗaurewa goma-goma da zare, mu zana gida uku a ƙasa, na ɗaiɗai, na gomomi, na ɗaruruwa. Sai ya kwance dami da hannunsa kafin ya gane abin da ake nufi da aro a ɗebewa. Ni da awon ƙarafa Malama ta koya mini, kuma ranar da na fara gyara wa Oga lissafi ban yi barci da wuri ba don murna.

Tsarin yini ba ya canzawa. Malami ya riga yara zuwa, ya tsaya a ƙofa ya gaida kowa da sunansa. Minti 15 na farko zaman da'ira ne, a ja numfashi a hankali, kowa ya faɗi yadda ya wuni in yana so. Ba a tilasta wa yaro ba da labarin abin da ya gani a garinsu, baƙo ma in ya zo ba ma barinsa ya yi wannan tambayar. Daga nan sai kunu. Mudu biyu na gero da tsamiya da sukari suna isar yara 30. In ka ajiye shi sai an tashi, da yunwa za su zauna, ba abin da zai shiga. Wanda ya makara a ajiye masa nasa, domin in ya san ya rasa, gobe in ya makara ba zai zo ba gaba ɗaya. Wanda ya juye nasa a gora zai kai wa ƙaninsa, a yi kamar ba a gani ba. Ba a horo da hana abinci. Sai karatu minti 50, lissafi minti 40, wasa da sallar la'asar. Yaran Kirista, irin waɗanda suka zo daga yankin Gwoza, su huta a inuwa, ba mai takura musu.

Ajiye bulala shi ya fi ba sabon malami wuya, don da ita aka rene mu duka. Amma yaron da ya ga an harbi mutum, bulalarka ba ta ba shi tsoro, tana dai tabbatar masa cewa nan ma irin can ne. In faɗa ya tashi, a raba su, a kori 'yan kallo, a ba kowa ruwa, kada a yi shari'a sai numfashi ya dawo daidai. Bayan an tashi a zauna da su, kowa ya faɗi nasa, wanda ya yaga littafi ya liƙe, wanda ya zubar da kunu ya wanke. Dokokin aji yaran ne ke kafa su, kada su wuce biyar. Akwai waɗanda in tayar mota ta fashe a titi sai ka gan su a ƙarƙashin tabarma ko sun zura da gudu. Irin waɗannan a bakin ƙofa ake zaunar da su, inda suke ganin hanyar fita. Wanda ya zo a buge da sholisho ko tramol ba a korarsa, ba a kuma yi masa wa'azi a lokacin, don ba ya ji. A zaunar da shi gefe, a yi maganar washegari. Ni ban daina rana ɗaya ba. Awa biyun nan na fara tsallakewa, saboda ina jin nauyin Malama ta ji warin a jikina.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan yi mini nauyi. A tabarmarmu akwai wani yaro da kowa ya san babansa yana daji tare da 'yan Boko Haram. A unguwa ba a barin yara su yi wasa da shi, uwarsa kuma mata na kiranta annoba. Malama ta haɗa ni da shi a kati ɗaya. Na same ta na ce ba zan zauna da ɗan waɗanda suka raba ni da ubana ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, “Na ji ka, kuma ba zan ce ka manta ba. Amma faɗa mini, shekararsa nawa ranar da aka shiga Baga?” Na lissafa, bai fi 9 ba. Ban ba ta amsa ba, na yi makonni ina zama da shi ba na kallonsa. Abin da ya karya ni shi ne na lura shi ma ba ya kwana a gida, shi ma in an yi maganar uba sai ya sunkuyar da kai. Ba mu zama aminai ba, amma tare muka kai matakin labari. A nan Maiduguri Barista Zannah Mustapha ya buɗe makarantar Future Prowess a 2007, wadda ta shahara da haɗa marayun ɓangarorin biyu a aji ɗaya, har aka ba shi lambar yabo ta Nansen, ta hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2017. Mu a ƙaramar rumfarmu doka ce: ba a rubuta ko ɗan wane ne yaro a rajistar da kowa ke gani, kuma duk wanda ya goranta wa wani da ubansa, a ranar za a zauna da shi.

'Yan mata nasu daban ne. Yarinyar da ta balaga ba za ta zauna inda ba ban-ɗaki mai ƙofa ba, kuma in ba audugar mata, duk wata za ka rasa ta na kwanaki, daga nan ta ji kunyar dawowa. Dole a samu malama mace. A bar su su zo da goyon ƙannensu ko nasu. Uwar da 'yarta ke mata talla kuwa asara take yi ta gaske, sai an daidaita lokaci da ita, a bar mata safiya da yamma lis.

Yaro ya yi fashin kwana biyu, ranar ta uku a bi shi, da abokinsa a gaba. Gaisuwa aka je yi, ba tuhuma ba. In aka bari mako biyu ya wuce, da wuya ya dawo.

Inda aka fi asarar yara shi ne ranar da aka mayar da su makarantar gwamnati. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma tilas, amma akwai yunifom, takalmi, littattafai, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, wani lokaci da takardar haihuwa da ta ƙone a gari. Ga Turanci da ke tarar yaro kwatsam, ga cunkoso, ga bulalar makara. Yanzu NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa, ta tsara manhajar gaggawa mai mataki uku ga 'yan shekara 10 zuwa 18: na farko ya ɗauke aji ɗaya zuwa uku, na biyu aji huɗu zuwa shida, na uku ƙaramar sakandare. Tana taimakawa, amma ba ta raka yaro ƙofar makaranta. Abin da muke yi: watanni uku kafin tafiya mu ƙara Turancin baka da na umarnin jarrabawa, mu je mu ga hedimasta tun da wuri, mu tura su uku zuwa biyar aji ɗaya don kada kowa ya zama shi kaɗai, sannan duk mako a zangon farko wani cikinmu ya leƙa, rumfa kuma ta ci gaba da karɓarsu da yamma.

Ni ina da shekara 16 na shiga ajin farko na ƙaramar sakandare. Na daɗe ina juya abin, domin na san sunan Baban Aji yana jirana, kuma ya same ni. Mutane suna ta cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wai na makara. Bambancin shi ne wannan karon in an ce in tashi in karanta, ina karantawa. Innarmu ta yi mini kaffarar rantsuwar da azumi ya gagare ni, ta ciyar da abin da ba ta da shi. Na gama sakandare na haura shekara 20, tun kafin nan kuma nake taya Malama da yamma.

Aikin bai tsaya da ƙafarsa ba har yanzu. Yawancin cibiyoyi a kan tallafin watanni suke tafiya, ranar da alawus ya yanke malamai su watse, yaran da aka sha wuya kafin su yarda su sake ganin babba ya tafi ya bar su. Da aka fara rufe sansanonin Maiduguri a 2021, yara da yawa sun tafi ba tare da wata takarda da ke nuna inda suka tsaya ba. Ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumban 2024 ta tafi da tabarmi da katuna da rajistarmu, sai gida-gida muka bi muna tattaro yaran. Tun daga nan kowane yaro muna ba shi kati mai ɗauke da matakinsa a cikin leda, muna kuma ɗaukar hoton rajista a waya.

Waɗanda suka fi damuna yanzu su ne 'yan shekara 16 da 17 da ba za su taɓa sa yunifom ba, don su ke ciyar da gida. Su sana'a muke nema musu wurin tela ko bakanike ko mai gyaran waya, da yarjejeniya a rubuce da Hausa a gaban bulama: maigida zai sake shi awa biyu kwana huɗu a mako, zai ba shi abincin rana, ba zai mayar da shi ɗan aike kawai ba. Bakanikai sukan cika alkawari. Teloli kuwa in Salla ta rage mako biyu ba sa sakin kowa, kuma mun daina jayayya da su a kan haka. A jikin takardar muke rubuta ranar dawowa, ranar kuma ni nake bin shagunan in taho da su.